Mijina Soja Ya Shaƙe Ni Cikin Barci, Ya Kuma Rantse Kada Kowa Ya Ji

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga wani barikin soja a Kaduna, don Allah a sakaya sunana. Shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana kofur ne. Ya yi shekara uku da ɗoriya a arewacin Borno, wata bakwai ke nan da aka dawo da su. Anti, mutumin da a da yake goya yara yana zagaya ɗaki da su, yanzu ko motsinsu ba ya son ji. Ba ya barci sai goshin asuba, in ma ya yi sai ya farka da ihu yana kiran sunan abokinsa da nakiya ta tashi da motarsu a kan idonsa. Ran da tayar wata mota ta fashe a bakin kasuwa, kwanciya ya yi a ƙasa cikin mutane. Ya mari babban ɗanmu don kawai ya buga ƙofa. Na tsinci ƙwayar tiramadol a aljihun kakinsa. Mako biyu da suka wuce na taɓa shi zan tashe shi sallar asuba, ya shaƙe ni har na ga duhu. Da ya dawo hayyacinsa ya zauna yana kuka, yana cewa da ma shi ne ya mutu a can. Mahaifiyarsa ta ce aljanun daji ne, an yi ruƙiyya, an sha rubutu, babu sauƙi. Mahaifiyata ta ce in tattaro yara in dawo gida. Shi kuwa ya rantse idan na bari wani ya ji a barikin nan to a bakin aurena, don za a ce ya haukace a sallame shi daga aiki. Ina son mijina, ina kuma tsoronsa. In tafi ne ko in zauna?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ya jiƙan abokinsa da sauran waɗanda suka kwanta dama a bakin daga.

Kafin maganar tafiya ko zama, akwai abin da ba zai jira gobe ba. Daga daren yau kada ku ƙara kwana a shimfiɗa ɗaya. Na yarda bai nufe ki da sharri ba, kukan da ya yi ya isa shaida. Amma hannun da ya matse wuya har ido ya ga duhu ya riga ya fara tare jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, kuma tsakanin wannan duhun da mutuwa babu nisa. Ki koma ɗakin yara ko falo, ki sa sakata. Idan ɗakinku ciki ɗaya ne, kamar yadda yake a gidajen ƙananan sojoji da yawa, a nemo ƙaninsa ko wani ɗan'uwansa namiji ya riƙa kwana tare da shi na ɗan lokaci. Kada ki sake tashinsa da taɓawa. Ki tsaya daga bakin ƙofa, ki kunna fitila, ki kira sunansa a hankali har ya buɗe ido ya gane inda yake. Ki koya wa yaran haka su ma, kada wani ya faɗa masa a jiki yana barci. Wuƙaƙe da adda su bar inda hannu zai kai gare su da dare. Ke kuma, idan tun ranar muryarki ta dishe, ko haɗiya tana yi miki wuya, ko kina yawan ciwon kai da jiri, ki je likita ya duba ki, ki kuma gaya masa gaskiyar abin da ya faru.

Sai kalmar da ya furta, cewa da ma shi ne ya mutu. Kada ki bar ta ta wuce a matsayin maganar mai kuka. Ki sami lokacin da hankalinsa ya ɗan kwanta ki tambaye shi ƙarara: “Baban yara, ka taɓa tunanin kashe kanka?” Na san tambayar tana da nauyi a baki, kuma mutane suna tsoron kada su cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Likitocin wannan fanni sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta cusa komai, sau da yawa ma ita ce ke sauke wa mutum kayan da ya rasa wanda zai taya shi saukewa. Idan ya ce e, ko kika ga ya fara rabon kayansa, yana barin wasiyya, yana neman gafarar mutane ba dalili, to ranar nan take za a kai shi asibiti, kuma sai likitan bariki ya sani, domin mijinki mutum ne da ake miƙa wa bindiga mai harsashi in ya hau aiki. A wannan gaɓa babu rantsuwar da za ta tsayar da ke.

Abin da kika kwatanta ciwo ne sananne, likitoci suna kiransa PTSD, wato firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ya ga tashin hankali mai tsanani. Alamominsa kusan duka suna cikin wasiƙarki: abin da ya faru yana dawo masa a mafarki ko ido biyu, ba ya samun barci, ƙaramar ƙara tana zaburar da shi, fushi yana zuwa masa da sauri, ya janye jiki daga waɗanda yake so. Mutane da yawa sukan ji irin wannan a makonnin farko sannan ya lafa da kansa. Idan ya haura wata ɗaya yana hana mutum zaman lafiya a gida da wurin aiki, ya zama abin zuwa asibiti. Naku ya kai wata bakwai.

Ki duba irin zaman da ya yi. Tun 2009 ake wannan yaƙi. An kira aikin Lafiya Dole a 2015, aka mayar da shi Haɗin Kai a 2021, amma abin da ƙaramin soja yake gani a ramin tsaro bai sauya ba. Duk wanda aka kai arewacin Borno ya san labarin Baga a watan Janairun 2015, ya san na Metele a watan Nuwamban 2018, inda aka afka wa sansani aka kashe sojoji masu yawa har da kwamandansu. Da wannan sanin yake kwana. Duk motsin ciyawa da dare yana iya zama hari, duk tudun ƙasa a kan hanya yana iya zama nakiya. Shekara uku jikinsa yana koyon cewa wanda ya yi barci mai nauyi ba ya wayar gari, wanda kuma ya tsaya tunani kafin ya kwanta ƙasa in ya ji ƙara, gawarsa ake ɗauka. Wannan koyon shi ya dawo miki da shi da rai. Takardar canjin wurin aiki ta iso hannunsa, amma jikin bai sami labarin an bar daji ba, kamar injin niƙan da aka gama aiki da shi makunnin ya ƙi mutuwa. Hannun da ya taɓa shi da asuba, a wannan daƙiƙar, ba naki ya ɗauka ba.

Akwai kuma abin da zan so likita ya bincika. Idan yana kusa lokacin da nakiyar ta tashi, ƙarfin fashewar kaɗai yana iya girgiza ƙwaƙwalwa ya kuma taɓa dodon kunne, ko da babu rauni a fili. Ciwon kai, mantuwa, ƙara a cikin kunne da saurin fushi suna iya fitowa daga nan. Ki tambaye shi tazarar da ke tsakaninsu da motar, da ko ya suma a ranar.

Ba a kansa aka fara ba. Kakanninmu da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Burma a yaƙin duniya na biyu, da iyayenmu da suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sun ga abin da ya gani, sai dai a lokacinsu babu wanda ya tambaye su yadda suke kwana. Sai a 1980 likitocin Amurka suka shigar da ciwon cikin kundinsu da wannan suna, bayan abin da suka gani a jikin sojojinsu da suka dawo daga Biyetnam. A nan gida kuwa, a 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da sojoji masu wannan lalura a Abuja, wadda ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da na 'yan sanda ta ɗauki gabarar ginawa, Hajiya Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta ya yi shekaru yana fama da shi, bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa. Janar ke nan, wanda ya mulki ƙasar nan sau biyu. Ki ajiye wannan labari, zai yi miki amfani ran da maigida ya ce miki zuwa asibiti aikin rago ne.

Game da surukarki, kada ki yi jayayya da ita a kan aljanu. Uwa ce da ta ga ɗanta ya sauya, ta kama bayanin da ta sani. Alƙur'ani waraka ne, a ci gaba da karanta masa, ya riƙe azkar ɗin kwanciya, babu likitan kirki da zai hana. Abin da za ki ce mata shi ne, “Hajiya, mu haɗa da asibiti.” Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, hadisin yana cikin Bukhari. Abin da ba za ki yarda da shi ba ko kusa shi ne a kai shi inda ake ɗaure mutum da mari, ana dukansa ko ana turara masa hayaƙi da sunan fitar da iska. Kowa a Kaduna yana tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Mutumin da firgici ke ci, in aka danne shi aka ɗaure, dajin da ya baro aka mayar da shi.

Tiramadol ɗin ta dame ni ƙwarai. Wasu sojojin suna fara ta ne don ciwon jiki da gajiya, daga baya ta zama abin da suke rufe tunani da shi. Tana lalata barcin da ake nema, kuma in an sha da yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Duk da haka kada ki kwashe ki zuba a masai. Wanda jikinsa ya saba da ita, in aka yanke masa farat ɗaya, zai shiga rawar jiki da zufa da baƙin rai, a irin halin da yake ciki kuwa wannan haɗari ne gare ki da shi. Likita ne zai tsara yadda za a rage ta. Dole kuma likitan ya san yana sha, domin magungunan da ake bayarwa a wannan ciwo ba sa jituwa da ita. Kada ki je kemis ki sayo masa maganin barci irin su Valium don tausayi. Yana sa barci na 'yan kwanaki, sannan ya zama wani sabon sabo, ciwon kuma yana nan.

Kun yi sa'ar gari. A Kaduna akwai asibitin sojoji na 44, akwai asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Barnawa, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. Tunda tsoronsa idon bariki ne, ku fara da na farar hula, ya sa kayan gida ya bi layi kamar kowa. Kada ki ce masa “mu je a duba ƙwaƙwalwarka.” Ki shiga ta ƙofar da ba zai ji kunyarta ba, wato rashin barci da ciwon kai, tunda gaskiya ne yana fama da su. Maganin da ya fi aiki shi ne zama da ƙwararren da aka horar, galibi sau ɗaya a mako na tsawon wata biyu zuwa uku, ana bin abin da ya faru sannu a hankali har tunawa da shi ta daina kayar da mutum. Akan haɗa da ƙwaya irin su sataralin, wadda takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninta sosai. Na faɗi wannan ne don mutanenmu suna sha kwana goma su ce ba ta aiki su watsar. Wani lokaci ma a farkon zaman mafarkan sukan ƙaru kafin su ragu. Mutane da yawa sun bi wannan hanya sun koma barci, sun koma aikinsu.

Tsoronsa na sallama ba shirme ba ne, kada ki raina shi. Albashin nan ne abincinku, kuma bariki wuri ne da magana ke yawo daga famfo zuwa kasuwar mami kafin azahar. Amma ki taya shi auna abin da kyau. Sojan da ke karɓar magani yana da takarda a hannu da ke nuna ciwonsa daga bakin aiki ya samo shi, kuma ko da wata rana kwamitin likitoci ya zauna a kansa, wannan takarda ce hujjarsa ta neman haƙƙinsa. Sojan da aka kama da ƙwaya, ko ya ɗaga hannu a kan na gaba da shi, ko ya saki harsashi a shingen bincike don taya ta fashe, kotun soja ce ke jiransa, kuma a can babu wanda zai yarda da ciwon da ba a taɓa rubutawa ba. Ɓoyewar da yake ganin tana tsare masa aiki ita ce ta fi kusa da raba shi da kakin.

Rantsuwar da ya yi kuwa, ki riƙe lafazinta daidai yadda ya furta, ki sa mahaifinki ko waliyyinki ya kai wa malami masani a wajen bariki. Saki mai sharaɗi ba abin wasa ba ne a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, saboda haka ba ni zan yanke miki hukunci ba. Amma a yadda kika kawo maganar, mutanen bariki ya ambata. Yayansa ba ɗan bariki ba ne, mahaifinki haka, likitan Barnawa haka. Ki fara da su. Allah da kansa ya ce idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, a Suratun Nisa'i aya ta 35. Idan kuma rana ta zo da dole sai likitan bariki ya ji don ceton rai, ki faɗa. Saki ɗaya ana kome a cikinsa.

Wanda zai fi iya shawo kansa wataƙila ba ke ba ce, kada kuma hakan ya sosa miki rai. Soja yakan ji maganar wanda suka kwana rami ɗaya fiye da ta kowa. Idan akwai tsohon saje da ya yi ritaya wanda yake girmamawa, ko abokin da suka dawo tare, yayansa ya nemo shi. Ke naki shi ne ki zaɓi lokaci, bayan la'asar ko bayan ya ci abinci, ba da dare ba, ba kuma a gaban yara ba. Ki gajarta. Ki ce masa kin san abin da ya faru ba halinsa ba ne, kina tare da shi, amma ba za ki zauna kina jiran dare na biyu ba. Kada ki matsa masa ya ba ki labarin daji. In ya fara da kansa, ki saurara kawai. Ki guji “ka manta mana” da “ina tawakkalinka?” Mutumin da ke tambayar kansa dalilin da ya sa shi ya rayu abokinsa ya mutu ya riga ya tuhumi kansa fiye da yadda kowa zai tuhume shi. Ya san ajali a ka, zuciyar ce ba ta karɓa ba tukuna. Idan abokin ya bar iyali, wata rana in ya ɗan samu sauƙi ku je ku gaishe su tare, ku kai wa marayun abin da ya sawwaƙa.

To, ki tafi ko ki zauna? Shawarata ita ce ki zauna, amma da sharaɗi, kuma manya su san sharaɗin. Yara su tafi wurin mahaifiyarki na 'yan makonni, wannan zai kwantar mata da hankali, zai kuma rage hayaniyar da ke zaburar da shi. A ba shi mako biyu ya ga likita, yayansa ya raka shi. Idan ya ƙi, ki bi yaranki gida, ba da sunan yaji ba, ba kuma da neman saki ba, ki gaya masa da danginsa cewa ranar da ya karɓi katin asibiti ranar za ki dawo. Idan kuwa ya ɗaga miki hannu ido biyu, ko ya sake dukan yaro, kada ki jira mako biyun su cika. Shaƙar da ya yi miki cikin barci ya yi ta, amma marin yaron a farke ya yi shi, kuma ciwo yana bayyana dalilin abu ne, ba ya halatta shi. Ina jin haushin yadda muke sallamar matan sojoji da kalmar haƙuri kawai, alhali su ne ke kwana da abin da yaƙin ya bari. Haƙurinki ya kai wata bakwai bai sauke masa mafarki ko ɗaya ba, domin ba aikinsa ba ne.

Ki zauna da babban ɗanku kafin su tafi. Yaro yakan ɗauka shi ne ya jawo. Ki gaya masa Baba ba shi da lafiya ne tun daga wurin aiki, ana nema masa magani, kuma ba laifinsa ba ne. In maigida ya samu natsuwa, ki roƙe shi ya kira yaron ya rarrashe shi da bakinsa.

Ki haɗa katin shaidarki, katin banki, kuɗin mota da takardun yara a jaka ɗaya inda za ki iya ɗauka cikin duhu, wayarki kuma kada ta kwana babu caji. Idan ke ma barci ya fara gagarar ki, ko gabanki yana faɗuwa duk lokacin da ya motsa, ki faɗa wa likitan, domin abin da ya same ki da asubar nan ya isa ya bar miki naki firgicin. Daga yau ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, me ya tayar masa da hankali da rana. Ranar zuwa asibiti ki tafi da littafin, da fankon ƙwayar da kika tsinta don likita ya ga ƙarfinta, ki kuma nemi a ba ki minti biyar ke kaɗai da likitan, saboda akwai yiwuwar maigida ya shiga ya ce ciwon kai ne kawai. Ki sake rubuto mini bayan kun je, ina son in ji abin da likita ya ce da kuma inda yaran suke.